Wai gwamnati ce ta sako wa makiyayan Amurka kyarketai?

Baban Walida:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma bari in faɗi abin da ya jawo ta.

Ina da ɗan fili a bayan Ɗanbare, ta hanyar Gwarzo, inda nake kiwon turke. Yawanci raguna ne, Balami da Uda, nakan saya bayan babbar sallah sa'ad da kasuwa ta kwanta, sai 'yan tumaki da bijimai Bunaji kaɗan. Gaban filin katangar bulo ce, bayan kuwa langa-langa ne da waya, don kuɗin bulon bai kai can ba. Watan jiya yaron da ke kwana a wurin ya tafi ƙauyensu biki. A daren karnuka suka tono ƙarƙashin langa-langan suka shigo. Da safe na tarar da tunkiya mai ciki a kwance an farke ta, rago ɗaya ya shaƙe da igiyarsa garin fizge-fizge, wani kuma an yage masa cinya har ana ganin fari. Abin da ya fi ci mini rai, ko kwatan naman ba su ci ba. Ga shi mushe, ba a samu an sa wuƙa ba, sai rami muka haƙa.

Ina cikin wannan takaici ƙanina ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wai don in rage zafi. Wani Ba'amurke ne da malafa, tsaye kan gawar maraƙinsa a cikin dusar ƙanƙara, yana faɗa kamar zai yi kuka. Ƙanin nawa ya ce mutumin cewa yake gwamnatin jiharsu ce ta ɗauko kyarketai a akwatuna ta sako musu a bayan gari. Na ce ƙaryar intanet ce. Ya rantse gaskiya ne.

To masu sani, shin haka ne? In haka ne, wane dalili zai sa hukuma ta kawo wa mai dabba abin da zai ci dabbarsa? Ɓarnar tana da yawa ne ko kururuwa ce? Abin da na fi so in ji kuma, da me suke kare garkensu, ko akwai dabarar da zan ɗauka? Na san kare ba kyarkeci ba ne, amma haƙorin dai iri ɗaya ne.

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Yaya. Turawa ƙoshi ne ya yi musu yawa. Mu nan kyarketanmu ƙafa biyu gare su, da babur da bindiga, ka tambayi mutanen Doguwa da Tudun Wada abin da suka gani a dajin Falgore shekarun baya. Na can aƙalla ba ya kora garke sukutum, kuma ba ya bugo waya.

Dakta na Gwale:

Alhaji, Allah ya maida gurbi da mafi alheri. Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Aikina duba dabbobi ne a nan cikin gari da kewaye, kuma wannan rigima na daɗe ina bin ta, don haka ka yi haƙuri in na tsawaita.

Alamu sun nuna mutumin bidiyon ɗan jihar Kolorado ne. A watan Nuwamban 2020 aka kaɗa ƙuri'a a jihar kan ko a dawo da kyarketai. Masu so suka ci da ƙyar, kashi 51 cikin 100 ma bai cika ba. Mutanen birane irin su Denver ne suka rinjayar da ƙuri'ar, dokar kuwa ta ce a saki dabbobin a yammacin jihar, can bayan tsaunuka, inda masu shanun suke, waɗanda yawancinsu a'a suka ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A Disambar 2023 aka kamo 10 daga jihar Oregon aka saki, a Janairun 2025 aka ƙaro 15 daga Kanada. Ba a kai ko'ina ba, a Afrilun 2024, aka tabbatar sun kashe maraƙin farko a gundumar Grand. Wani iyali nasu da ya yi gida a nan ya matsa wa garkunan wurin har hukuma ta koma ta kama su da tarko a ƙarshen bazarar shekarar.

Dalilin dawo da su kuwa tsohon labari ne. Da can gwamnatin da masu shanun ne suka haɗa kai suka ƙarar da su da guba da tarko da ladan kisa. A dajin Yellowstone an kashe na ƙarshe a 1926. Da babu mai farautarsu, sai manyan barewar nan masu ƙaho rassa-rassa da suke kira elk suka yi yawa, suka cinye ƙananan itatuwan bakin rafi. A 1973 aka yi dokar kare dabbobin da ke dab da ƙarewa, kyarkeci ya shiga jerin a 1974. A 1995 da 1996 aka kawo 31 daga Kanada zuwa Yellowstone, 35 kuma zuwa tsakiyar jihar Aidaho. Barewar ta ragu, wannan babu musu. Ko dajin ya farfaɗo yadda ake zuzutawa a bidiyoyi, su kansu masanan har yau gardama suke yi. Su kuwa kyarketan ba su san iyakar gandun daji ba. Suka hayayyafa suka bazu, har aka samu ɗaya mai na'ura a wuya da ya taka daga Oregon ya shiga Kalifoniya a ƙarshen 2011.

Yanzu ga maganar ɓarna, kuma a nan ne kowane ɓangare yake da gaskiyarsa. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙidaya asarar shanu da maruƙa ta shekarar 2015, ta kusa miliyan 4. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba naman daji ne ya kashe su ba: ciwon huhu ne, da zawo, da wahalar haihuwa, da sanyi. A cikin ɗan abin da masu haƙori suka kashe, wanda ya fi ɓarna wani dangin dila ne na can mai suna koyoti. Abin da zai ba ka mamaki, Alhaji, karnukan gida sun fi kyarketai kashe shanu a wannan lissafi, nesa ba kusa ba. Wato abin da ya same ka a Ɗanbare shi ne ya fi samun Ba'amurke ma. A Tarayyar Turai, inda aka ƙiyasta kyarketai sun haura 20,000 a 2023, suna kashe dabbobi kimanin 65,000 a shekara, yawanci tumaki da awaki, alhali tumakin tarayyar wajen miliyan 60 ne.

Mai kare kyarkeci a nan yake tsayawa ya ce ka gani, ba komai ba ne. Ni ban yarda a tsaya a nan ba. Asarar ba raba ta ake yi wa kowa da kowa ba. Garke ɗari za su kwana lafiya, ɗaya da ke kusa da ramin da uwar ta haihu shi zai riƙa biya dare bayan dare. A watan Afrilu suke haihuwa, 'ya'ya huɗu zuwa shida. Zuwa Agusta 'ya'yan sun girma, bakuna sun ƙaru, a lokacin ne kisan ya fi yawa. Babba ɗaya yana iya cinye kilo 9 na nama a zama guda. In kuma suka faɗa cikin tumaki ba iya cikinsu suke kashewa ba. A 2013 a Aidaho, kyarketai biyu kacal suka firgita wani garke da dare, tumaki 176 suka mutu, yawancinsu ba cizo ya kashe su ba, hawa kan juna suka yi a gangare suka shaƙe. Ragonka da igiya ta shaƙe, irin wannan mutuwar ce.

Akwai kuma asarar da ba ta barin gawa. Saniyar da ake kora kullum ba ta tsayawa ta yi kiwo, wata ta yi ɓari, wata ta ƙi ɗaukar ciki. Wani bincike a Montana ya gano maruƙan garken da aka taɓa kai wa hari suna zuwa kasuwa da ragin kusan kilo 10 kowanne. Kai mai turke ka san abin da kilo 10 ke nufi in aka ninka shi da kai ɗari biyu.

Diyya ana biya. Wata ƙungiyar masu kare namun daji ce ta fara biya daga aljihunta a 1987 har zuwa 2010, sannan jihohi suka karɓa. Kolorado tana biya har dala 15,000 kan dabba ɗaya. Amma sai jami'i ya zo ya feɗe gawar ya ga taruwar jini a ƙarƙashin fata daidai inda haƙori ya shiga, yawanci a cinya ta baya da kwiɓi da hammata. Wannan jinin ne shaidar cewa dabbar tana da rai aka cije ta. In babu shi, za a ce mutuwa ta yi kyarkeci ya zo ya ci mushe. To maraƙin da aka cinye har ƙashi a bayan dutse fa, wa zai feɗe? Saboda haka ne jihar Wayomin, a wasu yankunanta, take ninka diyyar maraƙi har sau bakwai kan kowane ɗaya da aka tabbatar.

Abin da ya kamata mu fahimta mu mutanen nan shi ne yadda suke kiwon. Mutum guda yana da shanu ɗaruruwa. Da bazararsu ta shigo sai ya kora su kan tsaunukan gwamnati, daji mai faɗin da ba a zagaye shi a yini, ya bar su can su kaɗai, ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci, sai kaka ya tattaro. Ba mai kwana da su, ba wuta, ba sanda. Wannan tsari ya yiwu ne kawai don kakanninsu sun share dajin daga masu haƙori. Da kyarkeci ya dawo, sai ga shi manyan dabarun da ake koya musu yanzu a tarurruka su ne: a ɗauki mutum a kan doki ya riƙa bin shanun safe da yamma, a koya wa shanun tafiya a dunƙule, a tara su waje ɗaya da dare, a ajiye karnuka. Hukuma har albashi take biyan mahayan. Duk yaron Fulani ɗan shekara goma a Dansoshiya ya san wannan karatun.

Sauran dabarun, ga waɗanda za su yi maka da waɗanda ba za su yi ba. Suna zagaye wurin haihuwa da igiya mai jajayen ƙyallaye suna kaɗawa, dabarar mafarautan gabashin Turai ce ta dā. Kyarkeci yana tsoron baƙon abu, yakan yi kamar wata biyu bai ƙetare ba, daga nan ya gane, sai an sa wa igiyar lantarki. Kada ka ɓata kuɗinka a kanta. Karen Kano a ƙarƙashin shanyar kaya ya tashi. Fitila mai walƙiya da dare tana ɗan taimakawa in ana sauya mata wuri. Wani yaro Bamasaye a gefen Nairobi, Richard Turere, da batirin mota da ɗan faifan sola da na'urar sigina ta babur ya haɗa tasa, zakuna suka daina shigar musu shinge. Amma wadda na fi so ka ji ita ce ta mushe. Masu shanun can suna da ramin da suke jefa duk abin da ya mutu, a bayan gida. An lura wannan ramin ne yake fara kiran kyarkeci, in ya saba da zuwa sai ya ɗaga kai ya ga maruƙa. A kwarin Blackfoot na Montana mota ce take zagayawa lokacin haihuwa tana kwashe gawarwakin zuwa wani wuri mai shinge a mayar da su taki.

Don haka ni ma ga tambayata: me ake zubarwa a bayan langa-langanka? Mahaifa, kayan ciki, ragowar abinci? Kuma ramin da kuka haƙa, zurfinsa nawa?

Maman Sadiƙ:

Dakta Allah ya ƙara basira. Alhaji sannu da wannan rashi. Ni 'yan awaki gare ni a cikin gida a Sheka, amma ko mu ba mu tsira ba, ɗan akuya aka ɗauke mini a soro da asuba ƙofa tana buɗe. Karnukan nan ba na kowa ba ne, a bola suke kwana, da rana ka gan su kamar ba za su iya tashi ba, da dare su haɗu su bakwai su takwas.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar diyya. Ashe akwai ƙasar da za a cinye maka dabba hukuma ta zo har gida ta duba ta biya. Mu in ka kai ƙara wajen mai unguwa, iyaka ya ce Allah ya kiyaye gaba, shi ma ba laifinsa ba ne, me zai yi? Sannan ina tambaya, su masu mulkin can ba su da dabbobi ne, da suke zaune a ofis suna kare abin da ke cin na talakawa?

Dakta na Gwale:

Hajiya, suna da su. A Satumbar 2022 kyarkeci ya kashe wani tsohon ƙaramin doki na Ursula von der Leyen, shugabar hukumar Tarayyar Turai, a gidanta da ke arewacin Jamus. Bayan shekara guda hukumar tata ta nemi a sassauta kariyar da doka ta ba kyarkeci, a Disambar 2024 ƙasashen Turai suka amince, aka sauko da shi daga matakin kariya mafi tsanani. Makiyayan Faransa da Jamus da Ostiriya dama sun daɗe suna kuka. Kowa dai ya yi nasa lissafin. A Amurka ma tun 2011 majalisa ta cire kariyar tarayya a Montana da Aidaho, ana farautarsu da lasisi duk shekara.

Batun diyya a nan, akwai inshorar dabbobi ta NAIC, wato hukumar inshorar noma ta Najeriya, amma sai wanda ya yi rajista yana biya tun kafin abin ya faru, kuma a karanta takardar da kyau a ga me ta ƙunsa.

Tsohon Dillali:

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Na yi shekaru ina bin Wudil ranar Juma'a da Dambatta ranar Lahadi, kafin nan kuma na yi kiwo da ƙafata. Likita ya yi magana mai kyau, amma zan ƙara gyara a wuri ɗaya. Ya ce a ajiye karnuka, bai ce wane iri ba. Alhaji, kada ka je ka sayo ƙaton kare a bakin titi ka ɗaure a garke, shi zai fara cin ragunan. Karen garke tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin tumaki, ya sha warinsu, ya kwana a jikinsu, kada yara su riƙa wasa da shi. In ya girma a haka, su ne danginsa. Kuma ɗaya ba ya isa in masu zuwa da yawa ne. In wani ya ce maka haramun ne, ka je ka tambayi malaminku, kare don kiwo da gona da farauta an yi rangwame a kansa.

A zamaninmu kura ce. Kura ba ta shiga inda take jin tarin mutum da hayaƙi. Muna sare ƙaya mu yi shinge, maruƙa a tsakiya a ɗaure a igiya, manya a kewaye, mu kuma a bakin shingen da wuta. Wanda aka yi wa ɓarna, in ka bincika, ko ya tafi hira ne ko ya bar ɗaya a baya ba a ƙirga ba da magariba. Yanzu kurar sai a hannun gardawa da gidan zu. Ban ce ina kewarta ba. Amma da tana nan, mushe ba ya kwana a bayan gari, karnuka kuma ba su yi wannan yawan ba.

Turawan nan da suke barin shanu a dutse wata huɗu ba mutum, a ce musu in ji ni, ba kiwo suke yi ba, ajiya suke ba wa daji.

Baban Walida:

Baba na gode, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ka gaida jikan naka mai rubutu.

Dakta, tambayarka ta sa na tashi na zagaya bayan filin da yamma. Mu ba ma zubar da komai sai taki. Amma akwai gidan kaji da aka buɗe bara, bai fi taku ɗari daga langa-langana ba, kuma a kwalbatin da ke tsakaninmu suke jefa kajin da suka mutu. Na ga fuka-fukai birjik da sawun karnuka, hanya sosai sun yi ta cikin ciyawa, ta biyo har gindin inda suka tona. Ramin da muka binne tunkiyar ma an fara tone gefensa, bai kai ƙugu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sami mai gidan kajin, mutumin kirki ne muna gaisawa, in ce ko ya ƙona ko mu haɗa kuɗi a haƙa rami mai murfi. In bai ji ba sai mu je wajen dagaci.

Na yi magana da birkila zai zuba mini kankare a gindin langa-langan, layi biyu na bulo a cikin ƙasa, kafin kuɗin katanga ya samu. Yaron kuma na ce duk ranar da zai yi tafiya ya kawo wanda zai kwana a madadinsa, ni zan biya. Raguna na daina barinsu a ɗaure da dare, na mayar da su ɗakin da nake ajiye dusa da harawa. Maganar kare zan yi shawara da mai ɗakina tukuna, don ita ce ba ta son ko ganinsu.

Ragon da aka yage yana cin abinci, muna wanke ciwon da ruwan gishiri muna sa aidin. Akwai abin da ya rage?

Dakta na Gwale:

Akwai, Alhaji, kuma ya fi duk abin da na rubuta a sama muhimmanci. Karnukan da suka cije shi ba wanda ya san ko an taɓa yi musu rigakafi, ciwon haukan kare kuma yana nan a garin nan. Ka ware ragon shi kaɗai. Kada ka sayar, kada ka yanka, kada kowa ya sa hannu a bakinsa ko da ya ga kamar wani abu ya maƙale masa. Ciwon yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya fito. In ka ga yana dalalar da yawu, ko kukansa ya sauya, ko yana tunkuyar bango, ko ƙafafun baya suna ja, kada ku taɓa shi, ku kira likitan dabbobi.

Wa ya fara wanke ciwon da safen nan, kuma da hannu tsirara ne? In yana da ko ƙurji ko yanka a hannun, ya je asibiti yau ya faɗa musu abin da ya faru, su za su ce ko yana buƙatar allurar. Mai wankewa daga yanzu ya sa safar roba. Ciwon kuma a riƙa duba shi safe da yamma saboda ƙuda, in tsutsa ta shiga cinya aikin ya koma sabo. Turo mini hotonsa ta akwatin saƙo in ga ko yana son ɗinki ko a bar shi a buɗe.